Kaset ɗin da Dada ta yi alkawarin ɓoyewa

Wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, maza da mata, barkanmu da warhaka. Admin na gode da ka yarda ka saka min. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗaure, kuma abin ba na kai wa dangi ba ne, don dangin ne ma suka yi min. Duk wanda zan ambata ba da sunansa na gaskiya zan kira shi ba, in kuma ka gane mu to don Allah ka kama bakinka, auren wata baiwar Allah ne da mutuncin 'yarta a ciki.

Ni 'yar Jimeta ce, ina da aure da yara, sana'ata sayar da atamfa da leshi a kasuwa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, malamar jami'a ce, fanninta tarihin mata, Allah ya yi mata rasuwa bara. Mu biyu ta haifa, ni da yayana namiji da nake kira Hamma. Tun muna yara aikinta ke nan, ta rataya 'yar rikodarta ta shiga gidajen tsofaffi a cikin Yola da Alkalawa, ta zauna a tabarma tana jin labarin yadda suka yi kaɗi da saƙa, yadda suka yi fatauci, wace ce ta karantar da allo, wace ce ta yi unguwarzoma. Takardunta kuwa sai wanda ya gani, ɗaki guda a gidanmu na Shagari Low Cost kwalaye ne har rufi. Dada ba ta raba na aiki da na gida, duk abin da ya shigo hannunta a shekara kwali ɗaya take zuba shi, a ciki za ka ga rubutun bincike, ga katin asibitinta, ga hoton bikin wata, ga sakamakon jarrabawata da na faɗi lissafi. Muna tsokanarta cewa ko ɓera ya shiga ɗakin nan sai ya fito da digiri, ta yi dariya ta ce to ku ma ku shiga mana.

Akwai yadda take aikinta da ya kamata ku sani, don a kansa komai ya rataya. Na farko, sai mace ta faɗi sunanta da bakinta, da sunan mahaifinta da garinsu, kafin a fara hira, don Dada ta ce ta gaji da tarihin da ake kiran mace matar wane ko 'yar wane. In ta zo rubutawa ne take canja sunayen. Na biyu, ba ta tambayar mace sirrinta sai ta fara ba ta nata. Ta ce ba adalci ba ne ka zo gidan mutum hannu rabbana ka kwashe abin da ke cikinsa ka tafi. Saboda haka kusan kowane kaset da muryarta yake farawa, tana ba da labarin wani ciwo nata, sannan matar ta saki jiki ta ba da nata. Kuma kaset take amfani da shi har ƙarshen rayuwarta, an yi an yi ta koma waya ta ƙi, ta ce abin da ya shiga waya ya bar hannunka.

Shekarar da aka gudo daga Mubi da Michika da Madagali, duk wanda yake Yola ya san yadda gari ya cika. Gidanmu ma ya cika, har a baranda ana kwana, tukunya ba ta sauka daga murhu. A cikin waɗanda Dada ta karɓa akwai wata da zan kira Ladi. Ita ba ta zo da na farko ba, sai daga baya, domin mutanen daji sun kashe mijinta sun tafi da ita, ta yi watanni a hannunsu kafin Allah ya kuɓutar da ita. Ta zo da ciki, a gidanmu ta haihu, mace. Wanda ya san asalin cikin nan daga Dada sai ni sai wadda zan ba ku labarinta yanzu, ko Hamma bai sani ba. Kowa ya ɗauka na marigayi mijinta ne, mu ma muka bar shi a haka. Da abubuwa suka lafa wani manomi a Ngurore ya nemi aurenta, mutumin kirki, Dada ce ta tsaya mata a matsayin uwa. Ya riƙe yarinyar a matsayin marainiya, ya sa ta makaranta, yanzu ta fara zama budurwa, Ladi kuma ta haifa masa wasu. Duk kaka sai ta zo mana da masara da gyaɗa, ko bayan rasuwar Dada ba ta fasa ba.

Wadda na ce zan ba ku labarinta ɗalibar Dada ce, ina kiranta Adda don ta girme ni kuma a gidanmu ta tashi kusan. Tun tana ajin farko a jami'a Dada ta jawo ta jiki, ɗakina muke kwana, kwano ɗaya muke ci, ranar aurena ita ta riƙe min hannu har gidan miji. Dada ta tsaya mata har ta zama dakta. In aka ce min a nuna wadda ba za ta taɓa cutar da mu ba a duniya, wallahi ita zan nuna kafin Hamma.

Da Dada ta rasu aka zo rabon gado, malamin da ya zo ya lissafa gida da mota da sarƙoƙi da tufafi. Aka buɗe masa ɗakin kwalaye ya leƙa, ya tambaya ko akwai littattafan addini, aka ce babu, ya ce to wannan ba dukiya ba ce, magada su yi yadda suka ga dama. Goggonninmu suka ce a kira masu ƙosai da masu tsire su kwashe, a share ɗakin a sa haya. Adda ta fashe da kuka a tsakar gida, ta ce a ji tsoron Allah, aikin shekara da shekaru ne za a naɗe ƙosai da shi. Ni ma abin ya taɓa ni, na goya mata baya. Ta ce a bari ta kai su gidanta ta ajiye, saboda gara da damina, in hankali ya kwanta ni da ita mu zauna mu ware na aiki daban, na gida daban, na amana kuma mu kulle. Da bakinta ta faɗi kalmar amana, a gaban kowa. Na taya ta loda kwalayen nan a mota ina yi mata addu'a.

Tun daga nan duk sanda na ce Adda yaushe za mu zauna, sai ta ce jarrabawa ake yi, ko tana Abuja, ko ba ta da lafiya. Ni kuma ga kasuwa ga yara, ban matsa ba, tunda a hannun 'yar gida suke.

Watan da ya wuce ta aiko min da katin gayyata, wai an shirya taron tunawa da Dada a wani ɗakin taro a Jimeta. Na ji daɗi ƙwarai, na ɗinka sabon kaya, na ɗauki maƙwabciyarmu ta Shagari, wata tsohuwar malamar makaranta 'yar Numan da muke kira Mama, aminiyar Dada ce, tare suke zuwa gaisuwar mutuwa da biki, Kirsimeti a gidanta muke ci, Sallah a gidanmu take ci. Muka zauna a layin gaba. Malamai suka yi ta yabo, ina ta share hawaye. Sai Adda ta hau, ta ce tana da albishir, wai an gama juyar da dukan takardu da kaset ɗin marigayiya zuwa kwamfuta, an kuma aika wa wani babban laburare a ƙasar waje, nan ba da jimawa ba za a sa su a intanet da sunan Dada, kowa a duniya ya saurara, ita kuma aka naɗa mai kula da su. Aka yi tafi. Ni dai ban san da wannan magana ba. Kafin in gama mamaki ta ce bari ta ɗan ɗanɗana mana, ta danna kwamfuta.

Jama'a, muryar Dada ce ta cika ɗakin nan ta lasifika, a hankali take magana, irin yadda take yi in ta zauna a bakin gado. Tana cewa bayan ta haifi 'yarta mace ta yi watanni ba ta iya ɗaukarta, in jaririyar ta yi kuka sai ta ji kamar ta gudu ta bar gidan, kakarmu ce ta raine ta, ita kuma a ɓoye aka riƙa kai ta asibiti. 'Yarta mace ɗaya ce, ni ce. Ban taɓa jin wannan magana ba a rayuwata, sai ranar, a gaban mutane cike da ɗaki, wasu har suna waiwayowa suna kallona. Sannan Dada ta ce, to ke ma kar ki ga laifin kanki don kin kasa ba wannan jaririyar taki nono, faɗa min sunanki. Sai muryar Ladi ta fito, ta faɗi sunanta na gaskiya, da na mahaifinta, da ƙauyensu. Mama ta damƙe min hannu ta ce, "Wannan ba yarinya da ya haihu a gidanku ba ne? Wanda yana kawo masara?" Ban san sanda na miƙe ba. Na ɗaga murya na ce a kashe, na sake faɗa, har sai da mai kula da na'ura ya tsorata ya zare wayar lasifikar. Allah ya taimaka Ladi ba ta kai ga maganar cikin ba, amma ta riga ta ce sun tafi da ita daji.

Bayan taro na same ta a wajen mota, kuma ba zan ɓoye muku ba, ban yi mata da daɗi ba, ni dama ba a san ni da haƙuri ba. Ita kuwa ko a jikinta, cewa ta yi na kunyata ta a gaban baƙi. Na tambaye ta wa ya ba ta izini, ta ce Hamma ya sa hannu a madadin iyali tun bayan sadakar arba'in. Na ce ina zaman da muka ce za mu yi mu ware na amana, ta ce masu laburaren sun fi son komai yadda mai shi ta bar shi, ba a cire ko tsinke, wai haka ƙa'idar aikin take, yadda Dada ta cakuɗa katin asibiti da bincike shi ma tarihi ne. Na ce to Ladi fa, da 'yarta? Ta ce ai Ladi da bakinta ta faɗi sunanta, ba wanda ya tilasta ta, kuma wa zai zauna a Ngurore yana sauraron laburaren Turawa. Na ce Adda kin manta kowane yaro a Ngurore yana da waya a hannu? Abin da ta ce min daga nan shi ne ya fi ƙona min rai. Ta ce, "Ke 'yar kasuwa ce, ba za ki gane ba. Ni ce na san abin da Dada take so."

Ni da na wanke Dada a gadon asibiti, ni ce ban san abin da take so ba. Wallahi na yi kuka a keke har gida, mai keken ma sai haƙuri yake ba ni bai san me aka yi min ba.

Na je wajen Hamma washegari. Shi mutum ne da ba ya son hayaniya, in dai za a bar shi ya sha shayinsa to komai ma a yi. Ya ce eh ya sa hannu, Adda ta zo masa da takarda ta ce ta ajiya ce don kar gara ta ci, bai karanta ba tunda ita ce. Na ce me ya sa ba ka faɗa min ba, ya ce ita ta ce kar a dame ni ina cikin jimami. Kun ji fa, ta san zan ƙi, shi ya sa ta zagaye ni ta bi ta wajen namiji. Na ce ya janye sa hannunsa, ya ce shi ba zai shiga faɗan mata ba, kuma me ke cikin tsofaffin kaset da zan tayar da hankalina haka, sunan Dada ne zai ɗaukaka. Na buɗe baki zan faɗa masa sai na tuna in na faɗa na ƙara mutum ɗaya a cikin waɗanda suka sani, kuma Hamma ba ya ɓoye wa matarsa komai, matarsa kuma ba ta ɓoye wa unguwa komai. Haka na tashi na bar shi yana ganin kamar rigima kawai nake nema.

Don kar ku ce na faɗi nawa na ɓoye nata, Adda ta turo min dogon saƙo daga baya, kuma akwai gaskiya a wani ɓangaren. Ta ce da ba don ita ba da yanzu an cinye ƙosai a cikin aikin Dada, haka ne. Ta ce tsofaffin da Dada ta yi hira da su a Yola kusan duk sun rasu, muryarsu a kaset ɗin nan kawai ta rage, kuma kaset yana lalacewa, wannan ma haka ne. Ta ce abin da aka yi wa mata a shekarun nan in ba a ji shi daga bakinsu da sunansu ba, gobe wani zai tashi ya ce ba a yi ba. Wannan ma ban musa ba, don Dada ma tana faɗin irin haka. Ta ƙara da cewa in na tayar da rigima masu laburaren za su iya fasa karɓar komai gaba ɗaya, ba sa son kayan da iyali ke jayayya a kai, shi ke nan aikin Dada ya mutu a hannuna. Na roƙe ta ta cire na matan gudun hijira kawai, ko ta goge sunayen, ta ce an riga an aika, ba a hannunta yake ba, amma za ta duba. Na san wannan za ta duba ɗin, irin na zaman da muka yi shekara muna jira ne.

Na je wajen wani lauya, abokin maigidana, ban faɗa masa suna ba. Ya ce ana iya shigar da ƙara a nemi a dakatar, amma kotu za ta so ta san wane kaset ne kuma me ke cikinsa, kuma zai fi ƙarfi in mai muryar ce da kanta ta zo ta ce ba ta yarda ba. To ta yaya matar aure za ta baro Ngurore ta zo kotu a Yola mijinta bai san dalili ba? Maganin da ya ba ni shi ne ciwon da nake gudu. Maigidana kuma ya ce in bar wa Allah, wataƙila ba wanda zai taɓa ji. Mama ta rantse min ba za ta faɗa wa kowa ba, kuma na yarda da ita, amma ba ita kaɗai ce a ɗakin taron nan ba, akwai ɗalibai, kuma na ga masu ɗaga waya suna ɗauka.

Maganar da na ji a kaina, cewa Dada ta kasa ɗaukata ina jaririya, ta yi min ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Amma ba na jin haushin Dada, ciwo ne Allah ya ɗora mata kuma ta warke ta so ni fiye da kima. Haushina a kan wadda ta saurari kaset ɗin nan ita kaɗai a ɗakinta, ta san ni ce jaririyar, ta san zan zauna a layin gaba, ta zaɓe shi a cikin kwalaye cike da ɗaki don shi ne zai fi sa baƙinta hawaye. Ni dai na girma, ina da mijina da 'ya'yana, zan haɗiye. Yarinyar Ladi ce ba ta da inda za ta sa kanta. Mu nan mun san sunan da ake kiran irin waɗannan yara da shi, mun san ba a zama da su a aji, mun san ba mai zuwa neman aurensu. Mijin Ladi mutumin kirki ne amma yana da uwa da 'yan'uwa mata, kuma ko shi ɗin ban san yadda zai ɗauki shekarun da aka ɓoye masa ba.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na rubuto muku shi ne, shekaranjiya ina shago Ladi ta kira ni, ta ce ta fito bayan gida ne don kar a ji. Ta ce, "Anti, wani mata ya kira ni daga Yola, ya ce suna son su zo su ɗauki hotona a saka da labarina. Wane labari? Wa ya ba su lambana?" Na ce wataƙila kuskure ne. Ta ce ba kuskure ba ne, matar ta kira sunan babanta da ƙauyensu. Sai ta faɗa min abin da ban sani ba, ta ce ranar da suka yi hirar nan Dada ta dafa kanta ta yi mata alkawari cewa ba kunnen da zai ji kaset ɗin muddin ita Ladi tana numfashi, sai bayan ranta, in 'yarta ta girma ta yarda. Ta ce, "Dada ne ya rasu, Anti. Ni ina nan da raina." Na ce mata ana kirana ga mai sayen kaya, zan neme ta. Har yanzu ban neme ta ba, ta kira ta sake kira, ina kallon wayar tana ƙara.

To 'yan'uwa ku faɗa min. In faɗa wa Ladi gaskiya, ta je ta sanar da mijinta da bakinta kafin ya ji a wayar wani, alhali ban san ko zai riƙe ta ba? Ko in rubuta wa masu laburaren da kaina in ce iyali ba su yarda ba, ko da hakan zai sa su watsar da aikin Dada gaba ɗaya, Hamma da Adda da duk malaman nan su ce ni na binne sunan uwata? Ko in fasa wa Hamma sirrin don ya janye hannunsa, in yi ta addu'a matarsa ba za ta ji ba? In akwai wanda ya san yadda ake dakatar da irin wannan abu ba tare da an ambaci sunan mai muryar ba, don girman Allah ya yi magana, lauya ne ko malamin jami'a. Masu cewa in yi haƙuri in yafe wa Adda, ku bari tukuna, ba wannan na tambaya ba. Ladi ta turo saƙo ɗazu cewa in ban ɗaga waya ba za ta shigo mota ta same ni a shago ranar Juma'a, kuma da yarinyar za ta zo, don ba ta da wani dalilin fita da za ta ba mijinta sai na saya mata kayan makaranta. Me zan ce mata a gaban yarinyar nan?